Takardar Bube

A gabana suka ƙulla maganar, ƙarƙashin rumfata a kasuwar Kanan-Bakashe, shekarar fari ta tamanin da huɗu. Bube, Bafillacen rugar yamma, zai riƙa kawo kwano guda na madara kowace safiya. Shi kuma Malam Lu, ɗan Shinuwa, wato Sinawa, da ke tuƙa injin haƙa rijiya, zai koya masa rubutun ƙasarsu, harafi uku a rana. Ni na yi tafinta da ɗan guntun Faransancin da na tsinto a tasha, har suka tafa.

Da Lu ya tafi na ce, "Bube, ka tsufa ba ka san bihim ba, sai na Shinuwa za ka fara da shi?" Ya ce in bar shi, ya san abin da yake yi. Rijiyar rugarsu ta ƙafe, shanu goma sha ɗaya suka rage masa. A wurinsa, in ka roƙi babba da harshen uwarsa kunya ba ta barinsa ya hana ka. Haka kakansa ya samu wurin kiwo a hannun Buzaye. Zai rubuta wa shugaban Shinuwar takarda da hannunsa, su kawo injin rugarsu.

Ƴan'uwansa suka kora nasu shanun kudu, wajen Katsina. Matarsa Hawa ta roƙe shi su bi su, ya ce ta ba shi wata biyu.

Kullum da hantsi yana zaune gefen injin yana zane a ƙasa da tsinke. Lu ba ya yarda a saɓa tsari: layin nan ake fara ja, sannan wancan, in ka sauya ya share da takalmi. Bube ya iya harafin ruwa, na saniya, na mutum. Na rijiya ya fi so, ya ce kamar itace huɗu ne aka gicciya a bakin rami. Faɗin kalmomin kam ya gagare shi, murya sama murya ƙasa, Lu yana dariya har da hawaye.

Wata biyu suka zama huɗu. Shanu suka koma shida, madarar ma sai rabin kwano, wadda ƴaƴansa ke kallo ana fita da ita.

Ranar da ya gama, layi uku ne a bayan takardar siminti. Na raka shi Mayahi. Shugaban Shinuwar ya karanta, ya miƙe tsaye, ya kira mutanensa su gani, ya riƙe hannun Bube da hannu biyu. Sannan tafintansu ya yi mana bayani: su haƙa kawai suke yi. Sunayen garuruwan da za a yi wa rijiya daga ofishin superefe, hakimin gwamnati, suke fitowa, da Faransanci, da hatimin soja, kuma an rufe jerin tun kafin azumi.

Da muka zo kusa da gida Bube ya ce, "Ashe injin ba nasu ba ne."

Lokacin hanyar kudu ta riga ta mutu, babu ciyawa babu ruwa. Saniya ɗaya ta ga damina. Lu ya sha madarar wata huɗu, ya koma ƙasarsu da takardar a jakarsa. Mahautan Mayahi sun sayi shanu arha. Bube ya rasa garkensa, Hawa ta koma gidansu da yaran, ya ƙare yana kiwon awakin Hausawa a Tasawa.