Tsaran Manaja

Dogo ne ya rubuta shafin kwamfuta na ma'aikatan kamfanin, kuma shi ne wanda shafin ya fara kayarwa. Ita kwamfuta ba ruwanta da wata ko shekara, daƙiƙoƙi kawai take ƙirgawa tun daga ɗaya ga Janairun 1970. Duk wanda aka bar gurbin ranar haihuwarsa babu komai, sai ta ɗauka sifili ne, ta haife shi a wannan ranar. Dogo ya cike wa mutane nasu, ya manta da nasa.

Bai ankara ba sai da ya nemi kwas ɗin da kamfani ke tura 'yan ƙasa da shekara talatin, wanda ya daɗe yana mafarkinsa. Shafin da ya rubuta da hannunsa ya amsa masa cikin ladabi cewa shekarunsa sun wuce.

Gyaran layi ɗaya ne, amma ba a taɓa shafin sai da izinin Manaja. Dogo ya same shi a ofis yana duba rinin gashinsa a gilashin waya.

"Yallaɓai, kuskure ne ƙarami. In na gyara, duk mai gurbi a buɗe dole ya sa ranarsa ta gaskiya."

Manaja ya ajiye wayar a hankali. "Duk mai gurbi a buɗe?"

"Mu biyu ne ma kawai, yallaɓai. Ni da..." Sai ya haɗiye sauran.

Kowa a kamfanin ya san bana ya kamata Manaja ya yi ritaya. Kwamfuta ce kaɗai ba ta sani ba, ita kuwa ta yafe masa shekaru masu kauri.

"Ɗana, na'ura ba ta ƙarya," in ji Manaja. "Kai da bakinka ka faɗi haka ranar da muka buɗe shafin, har tafi na yi maka."

"To a gyara nawa ni kaɗai."

"A ce shafinmu yana kuskure? Sai kuma a fara bincike."

Aka rufe neman kwas ranar Juma'a, aka tura wani. Abin ya ci wa Dogo rai ƙwarai.

Da Janairu ta kama, shafin ya aika musu saƙon murnar zagayowar ranar haihuwa, su biyun. Manaja ya sa aka kawo kek, ya tara ma'aikata, ya miƙa wa Dogo wuƙa.

"Yanka mana, tsarana. Tare za mu yi ritaya."