Tsirkiyar da Ta Saki

Kowa a Radom ya san Zundel ba wani makaɗin kirki ba ne. Gogen biki yake yi, inda an sha an ƙoshi, ba mai sauraro. Gwanin gaske shi ne Fishel, mijin yayarsa Hinda, wanda in ya ɗora goge a kafaɗa har tsofaffi sai sun share hawaye.

Da Jamusawa suka kwashe Yahudawan garin lokacin yaƙi, su biyun suka faɗa sansani ɗaya, suna fasa dutse cikin ƙanƙara. Wata safiya wani hafsa ya zo riƙe da goge mai tsirkiya huɗu. Makaɗan da ke raka fursunoni da kiɗa zuwa aiki sun rasa mutum guda. Makaɗi kuwa ba ya fasa dutse, kuma miyarsa har da dankali.

Zundel aka fara miƙa wa. Yana cikin kiɗa ya ji tsirkiya ta biyu tana saki kaɗan-kaɗan, da ƙyar ya kai ƙarshe. Da zai ba Fishel, abin da ya rage kawai ya raɗa masa ya ɗaure ta. Ya buɗe baki, ya tuna dankalin, ya yi shiru.

"Maza!" in ji hafsan.

Fishel bai yi nisa ba tsirkiyar ta saki gaba ɗaya. Hafsan ya tuntsire da dariya, ya nuna Zundel, ya ce shi ya ɗauka.

Kullum da safe Zundel yana kiɗa a bakin ƙofa, Fishel yana wucewa cikin layi, yana ƙara ramewa. Wani lokaci Fishel yakan jefo masa magana ƙasa-ƙasa: "Ɗaga gwiwar hannun nan, jaki, kana ba mu kunya." Kafin ƙanƙara ta narke ya daina wucewa.

Bayan yaƙi Zundel ya gano Hinda a sansanin 'yan gudun hijira. Ta rungume shi, ta yanka masa burodi.

"Ashe kiɗa ne ya cece ka. To shi fa? Ba su ji nasa ba?"

"Sun ji, Yaya."

"Suka ji, suka ɗauke ka kai?"

"Sanyi ya kumbura masa yatsu."

"Allah sarki," ta ce. "Ci mana, ka zuba wa burodi ido."

Shekara ashirin da biyu ta yi a gidansa a birnin Haifa kafin ta rasu. Sau da yawa ya shirya zai faɗa mata. Bai faɗa ba.