Dardumar Mastura mai gida-gida

Na'ibi ne ya fara sa min abin a rai. Maƙwabcina ne a unguwar Mahjar, tare muka keto Sudan da ƙafa muna samari har muka iso Jidda. Wata rana ya shigo neman aron guduma, sai ya tarar da dardumomin 'yata Mastura a shanye a kan igiya. Ya tsaya a gaban guda ɗaya ya daɗe.

"Malam Usuman, wa ya ba yarinyar nan wannan zanen?"

"Daga kanta take fitarwa," na ce.

"Kai dai duba da kyau. Gida-gida ne, kowane gida da ɗigo a ciki. A garinmu me ake kiran wannan?"

Na duba da kyau. Hatimi ne sak, irin wanda malaman tsibbu ke zanawa a allo su wanke a sha.

Mastura ta koyi aikin ne wurin wata tsohuwa Babuhariya, baƙuwa irinmu daga wata ƙasa mai nisa, da muka taɓa zama gida ɗaya da ita. Bayan layya nakan karɓo mata gashin tumaki wurin masu fata. Ta wanke, ta shace, ta rina, ta shimfiɗa shi a kan tabarma, ta yayyafa ruwan zafi da sabulu, ta naɗe, ta yi ta murzawa da gwiwar hannu har gashin ya kama juna ya zama darduma mai kauri. Babu saƙa, babu ɗinki. A da furanni take yi, da ganyen dabino, irin na tsohuwar. Wannan mai gida-gida sabon abu ne.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba ba zai gane tsorona ba. A nan in aka kama mutum da abin da ya yi kama da sihiri, ba a dogon zance. Mu kuwa baƙi ne. Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kafilina Abdulgaffar take, Balaraben da ya tsaya min, mai shagon kayan gini inda nake dako. Rana ɗaya ya cire hannunsa, jirgi za a sa mu, mu da yaran da ba su taɓa ganin Kano ba.

Na sami uwarta Turai a madafa.

"Ina yarinyar nan ke zuwa in ta fita?"

"Balad mana, Malam, tsohon gari. Ita da Iya Dela mai gyaɗa, tana kai kayanta shago."

"Kai kaya ne daga azahar har la'asar sakaliya?"

"To, ka tambaye ta. 'Yarka ce, ba ta cizo."

Na tambaye ta kuwa. Tana durƙushe kan tabarma, kumfa har gwiwar hannu.

"Mastura, ina kika ga wannan zanen?"

"A hanya, Baba."

"Wace hanya?"

"Hanya dai. Esh fi, me ya faru? Bai yi kyau ba ne?"

Ba ta ɗago ba. Wannan rashin ɗagowar ya fi komai damuna. Na shiga lissafa mutanen da na sani a Balad. Akwai wani mutumin Barno da ake raɗe-raɗin yana yi wa mata rubutu a ɓoye. Akwai Iya Dela kanta, wadda ban taɓa ganin wuyanta ba laya ba. Na kwashe dardumomin daga igiya na tura ƙarƙashin gado, na ce kada a fitar da ko ɗaya.

Ranar da za ta sake fita, na ce wa Abdulgaffar da mutanen gida bayana na ciwo. Na bi ta ita da Iya Dela daga nesa, ina laɓewa bayan amalanken masu ruwa kamar ɓarawo. A ƙofar tsohon gari, Bab Makka, Iya Dela ta ajiye farantinta ta zauna. Mastura ta wuce ita kaɗai cikin lungunan tsohon gari. Na ce a raina, to, ga ta nan.

Ta tsaya a wani gida da ake rushewa. An cire rufin, saura bango ɗaya a tsaye da tagarsa ta katako, irin wadda mutanen Jidda ke kira roshan, mai ƙananan ramuka da matan gida ke leƙen titi ta ciki. Ta zauna kan wani dutse ta zuba wa ƙasa ido. Na jira in ga wanda zai fito. Babu wanda ya fito. Na matso. Rana ta ratso ta cikin tagar ta zuba inuwarta a ƙasa, gida-gida, kowane gida da ɗigon haske a tsakiya. Mastura na bin layukan da yatsa a kan cinyarta.

Ta juyo ta gan ni.

"Bayan naka ya warke, Baba?"

"Me ya hana ki gaya min taga ce?"

"Da ka ce kada in ƙara zama a kango. Kuma wata mai zuwa babu ita, halas, shi ke nan. Duk layin nan siminti zai koma."

Na sake duban inuwar a ƙasa. Amma hankalina bai kwanta ba, don ni na ga tagar, Na'ibi bai gani ba, kuma bakinsa ba ya riƙe zance. In maganar ta kai kunnen Abdulgaffar kafin in kai masa, ban san yadda za ta isa ba.

Washegari na naɗe darduma ɗaya na tafi da ita shago. Na shimfiɗa ta a kan buhunan siminti. Abdulgaffar ya gyara tabarau ya duba.

"Roshan," ya ce. "Wa ya yi wannan, ya Usman?"

"'Yata."

"Irin na gidan kakata. Ka ce ta yi wa uwar yara guda."

Na kai wa direbansa, shi ma haifaffen Jidda, ya ce roshan. Na kai wa wani alhaji da ya sauka daga Zariya a makon, ya ja da baya ya ce, "Wa ya rubuta maka?"

A nan na yanke shawara. Da na koma gida na kira Mastura da uwarta.

"Ki ci gaba da aikinki. Amma mai gida-gida, Balad kawai za a kai ta, shagon Larabawa. Ba a shanya ta a igiya, ba a nuna wa alhazanmu. Su furanni za ki yi musu."

"Mutanenmu fa, Baba? Ni don su gani na yi."

"Mutanenmu ba taga suke gani ba."

Turai ta ce, "Na'ibi fa? Shi wa zai ɗinke masa baki?"

"Gobe zan kai shi ya ga tagar kafin a rushe ta."

Na kai shi. Ya tsaya ya kalli inuwar a ƙasa, ya kalli katakon, ya shafa gemu.

"To, shi kafintan da ya sassaƙa ta," ya ce, "wa ya san inda ya samo nasa?"

Muka juya gida. Tun daga ranar, a ɗaka Mastura ke shanya masu gida-gida, ƙofa a rufe, ni kuma nake kai su Balad da kaina cikin buhun siminti.