Kusurwar da Ta Wuce Casa'in

…kuma wai umarnin asin ta sa a lissafin. Asin! Ga shi nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar layi. Ta tallabe haɓa, shayinta ya huce, tana kallon aikin ƙanwarta a allon kwamfuta, manhajar da za ta riƙa faɗa wa kafintoci kusurwar da za su yanka katakon rufin gida. Ka ba ta tsawon gefe uku na alwatika, ta ba ka kusurwoyi, shi ke nan fa. Ita yayar ce ta fara kawo shawarar aikin nan, Oga ya ɗauka ya miƙa wa ƙanwar tata, Auta, wai yarinyar akwai zafin nama.

Zafin nama… Wa ya koya mata riƙe linzamin kwamfuta? Wa ya kawo takardunta ofishin nan? Ki kama hannun ƙanwarki, in ji Umma, tun a hanyar makaranta, ki kama hannunta kada mota — to ai ga shi ta kama, ta kama har an wuce ta. Auta ce a kujerar bakin taga. Auta ake kira taro. Jiya Umma sai washe baki take a waya, Auta kaza, Auta kaza, ita kuwa tana can tana wanke kwanuka. Kishi ne, eh, ta sani.

Shi asin, aikinsa ya karɓi lamba ya mayar da ita kusurwa, amma ba ya taɓa wuce digiri casa'in. Ba ya iyawa. Rufi ya buɗe, ƙololuwarsa ta kai ɗari da ashirin, sai ya ce sittin, hankalinsa kwance, ko gargaɗi babu. Auta da alwatika masu tsini kaɗai ta yi gwajinta, kome ya fito daidai, aka yi ta tafi. Ɗan'uwansa acos ake sawa a nan. Layi ɗaya ne gyaran, kuma ita kaɗai ta gani.

Babban kafintan da za a nuna wa manhajar ya iso, ga muryarsa can a ɗakin taro. Zai sa awon rufinsa na gaske, ya ga sittin, ya ɗaure fuska… To in bai lura ba fa? In aka yanka katakon, aka ɗora a kan 'ya'yan wani — a'a, ba za a kai nan ba. Zai lura mana. A gaban Oga. Sai Oga ya waiwayo ya ce, ke, zo ki duba mana. Sau ɗaya dai ya waiwayo, laifi ne?

Auta tana ƙarama a bakin kwata da takalmi ƙafa ɗaya, majina shaɓe-shaɓe, ta goya ta har gida, bayanta duk ya jiƙe da hawaye…

"Yaya, kin duba min? In kika ce ya yi, hankalina ya kwanta."

"Ya yi."

Bakinta ne ya faɗa. Nata bakin. Auta ta rungumo wuyanta, ƙamshin turare, turarenta ne ma, wanda aka ara da safe ba a tambaya ba, ta ɗauki kwamfutarta ta yi gaba har da ɗan tsalle.

Ƙofar ɗakin taron tana komawa a hankali. Ba ta rufe ba tukuna. Auta — sunan ai gajere ne, numfashi ɗaya ya isa ta kira ta… Me ya sa harshen ya yi nauyi haka?