Agugun da Bai Kurɓa Ba

...kuma Safiya ba ta zubar da sauran maganin ba. Mijinta Haliru ya ce ta zubar, ta ce to, ta cusa ƙullin a rufin ɗaki. Ga shi yau yana tafasa a 'yar tukunya. Agugu, ciyawar nan mai ganye kamar gashin zabo da ke fitowa a damshin bakin rijiya. Warin bai sake ba. Shi ne warin da ke bakin 'yarta ranar da ta rasu.

Safiya na iza wuta, tana jin nishinsa ta bayan danga. Yaya Maniru, wan mijinta, mai shimfiɗar magani a kasuwar Shagari, yau shi zawo ya kayar. Matarsa na gidansu wankan jego, ruwansa da abincinsa duk a hannun Safiya suke. Ashe ana haka? Ashe rana na juyowa?

"Sha ɗaya za ta yi ta miƙe." Haka ya ce ranar da ya ba 'yarta agugun, yana washe haƙora. Yarinya na ta zuba zawo kamar tulu ya fashe, idanu sun faɗa, Safiya ta ɗauko zanen goyo za ta nufi asibitin Boɗinga — ya tare ƙofa. A gidan mai magani? Ana so a yi masa dariya a kasuwa? Ta mayar da zanen. Wa ke musu da wan miji?

Bai kurɓa ba. Nan ne abin ke cin ta. Ko mai tallar maganin basir a tasha sai ya kurɓa a gaban jama'a kafin ya miƙa. Shi kuwa ya miƙo kwanon, ya goge hannu a riga... Sai a zaman makoki ta ji shi da kunnenta yana gaya wa wani wai a Kajiji ya ji labarin ciyawar, bai taɓa ba kowa ba sai ranar. Gwaji. Da 'yarta. Ba akuya ba, ba kaza ba.

Bahijja. Bahijja. Yanzu take iya kiran sunan, da babu mai amsawa. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta faɗa ko sau ɗaya, kunya ta hana ta kuka, mata na ta yaba mata — kai, Safiya akwai kara. Karar banza. Ta tsane shi, ta tsane shi har ba ta jin ɗanɗanon tuwo.

Shi fa yau? Tun hantsi Haliru ya hau babur zuwa Boɗinga neman gishiri da sukarin kemis. Wato shi cikinsa ciki ne.

Ba za ta ƙara komai ba, wallahi ko ƙwayar gishiri. Yadda ya auna wa yarinya haka za ta auna masa, har kwano ya cika. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ta tace a kwanon nan dai.

Ta yi sallama ɗakin Yaya Maniru, ta durƙusa. Ya zabge, leɓɓa sun bushe. Ya shinshina kwanon, ya ɗago ido.

"Agugu na?"

"Shi na, Yaya. Kai kac ce sha ɗaya."

Ta jira ya ture. Ta jira ya roƙe ta, ya tona kansa da bakinsa... Ya yi bismilla ya kafa kai. Har ƙasan kwano.

Ƙishirwa ce? Kunya? Ko kuwa har ransa ya yarda da abin?

In ya tashi gobe fa? In maganin magani ne, in kwanan Bahijja ne kawai ya ƙare — to wa ya rage ta tsana? Ta zauna a bakin ƙofarsa da kwanon a cinya, tana sauraren cikinsa, ba ta san abin da za ta roƙi Allah ba.