Inda Launi Ya Sauka

Mbah Karsidi, tsohon da ke riƙe da kayan gamelan, wato farantan tagulla na kiɗa, na unguwarsu a birnin Solo, bai taɓa yarda mutum ɗaya na iya kiɗa ba. A wurinsa kiɗa na taro ne, mai bugawa shi kaɗai gwajin ƙarfe kawai yake yi. Ga ɗalibarsa Wuryani an gayyace ta Jakarta ta yi wasa ita kaɗai, alhali ko farantin tagulla ɗaya ba ta da shi. In tsohon ya hana ta aro, tafiya ta fasa.

Ya ce ta buga ya ji tukuna. Ta ce sai da la'asar, a wani tsohon zaure mai gilasai masu launi a saman ƙofa.

"Kiɗan naki har da lokacin sha, kamar magani?" in ji shi.

Da rana ta karkata, haske ya ratso gilasan ya zuba kan farantan da ta jera a ƙasa. Ƙa'idarta ke nan: farantin da launi ya taɓa shi take bugawa, ja da ƙarfi, kore da gefen sanda, shuɗi da ɗan yatsa. Ba ta kuma kama faranti da hagu ta kashe amonsa yadda ya koya mata, barin sautukan take suna hawa kan juna. Tsohon ya tsuke baki, ya ture kofin shayinsa gefe. Wanda ya san shi ya san ba alamar alheri ba ce.

Sai gajimare ya rufe rana, launuka suka ɗauke. Wuryani ta tsaya, sanda a sama. Tana iya cusa wani tsohon kiɗa da yake so ta rufe ɓarakar, hannunta ma har ya fara neman hanya. Amma in ta yi haka ƙarya ta buga masa. Ta daure ta jira, kunya kamar ta nutse.

Mbah Karsidi ya miƙe da ƙyar ya nufi ƙofa. Ta ce a ranta shi ke nan, ita da Jakarta sai labari. Ashe sama ya je leƙawa. Ya daɗe yana hararar gajimaren.

"Kai kuma kauce mana, ba ta gama ba," in ji shi. Sannan ya waiwayo. "'Yar nan, zauren nan nasu na Jakarta yana da taga dai ko? In babu, a ciro gilasan nan ki haɗa da farantan ki tafi da su."