Jan Soket

Dikeledi ta duƙa bayan tebur tana neman bironta, sai ta ga tanderun abokiyar aikinta Refilwe a jone da farin soket. A ɗakin gwajin nan na Pretoria kowa ya san jan soket kaɗai ke kan janareta. Kuma da safen nan Ntate Mokgadi, dattijon da ke kula da ginin, ya tare ta a ƙofa ya ce an sauya jadawali, ƙarfe biyu za a ɗauke wuta, ta sanar da kowa.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa ta koma wurinta.

Aikinsu iri ɗaya ne: ɗan faifan tangaran da ke mayar da iskar haidirojin lantarki idan ya ji zafi. Shekara huɗu Dikeledi tana gasa nata a digiri ɗari takwas, yana ba da wuta kamar ana roƙonsa. Refilwe kuwa, yarinyar nan da ta zo bara, ta rage zafin zuwa ɗari bakwai, ta ɗan ƙara wa iskar danshi, nata ya ninka na Dikeledi. Mutum ɗaya Farfesa zai tura taron Koriya, kuma ranar Litinin zai duba sakamako. Abin yana cin ta har cikin ƙashi.

"Ausi, ga magwinya da zafinsu," in ji Refilwe, tana kiran ta yaya da harshensu, tana miƙo ƙunshin fanke mai maiƙo. "Tun safe fuskarki kamar an ƙwace miki kujera a tasi."

"Na ƙoshi. Ci abinki, 'yar gaban goshin Farfesa."

Refilwe ta yi dariya ta wuce. Awa huɗu suka rage, sun isa a sauke zafin tanderu a hankali. Tangaran ba ya son sanyin farat ɗaya, tsagewa yake yi. Dikeledi ta san wannan sarai. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu idonta ya faɗa kan lambobin da ke allon yarinyar, ta mayar ta rufe.

Ƙarfe biyu daidai fitilu suka mutu. Janareta ya tashi, tanderun Dikeledi ya ci gaba da gurnani. Na Refilwe ya yi tsit, lambobinta suka yi ta gangarowa, can suka faɗi gaba ɗaya: faifan ya tsage.

Refilwe ta ruga gaban tanderunta, hannu a kan baki.

"Ke ma dai," Dikeledi ta ce, "wa ke jona tanderu a farin soket?"

"Jan guda ɗaya ne ya rage mai aiki, Ausi. Ran Juma'a na ga gwajinki ya kusa cika awa dubu, sai na cire nawa na mayar da naki can." Ta share ido da bayan hannu. "Naki dai bai tsaya ba ko?"

Dikeledi ta dubi allonta. Lambar nan ce tata ta kullum, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ta laluba zuciyarta tana neman kunya, sai ta tarar da wani sabon haushin: ashe har a kirki yarinyar ta fi ta.